Baƙon da Ba Ya Shan Ruwan Randa

BAKURA

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na ɗaure bokiti mai murfi da jarkoki biyu a bayan babur na kama hanya. A lokacin ina gyaran injinan ban-ruwa na madatsar Bakolori. Wani injiniya da muka yi aiki tare zai koma ƙasarsu, ya ce in zo Maradun in karɓi reshe ɗaya na murjaninsa mai rai da yake kiwo a ruwan gishiri, irin wanda ake kira mai tocila. Tun wata uku ya haɗa mini akwatin gilashi a ɗakina, da fitila da ɗan famfo, ba komai ciki sai duwatsu da ruwan gishiri.

Ni kuwa bakina ya riga ya ja mini, na yi wa Baffa, wan mahaifina, alkawarin zan nuna masa shi da ransa. Shekara arba'in yana karantar da ɗalibai ayoyin da suka ambaci murjani, bai taɓa ganinsa ba sai wanda mata ke ratayawa a wuya.

MARADUN

Na isa bakwai da kwata. A akwatin injiniya abin sai kaɗawa yake kamar shuka cikin iska, kore shar, kan kowane zare da ɗigon haske. Ana taɓa shi ya shige gidansa, ya koma kamar guntun ƙashi. Injiniya ya sa mini reshen a bokiti, ya cika mini jarkoki da ruwan gishirin da ya haɗa, ya ba ni ma'aunin gishiri, ya kafa sharaɗi biyu: ban da rana, ban da ruwan daɗi.

A shingen hanya ɗan sanda ya buɗe bokiti, ya dube ni, ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, wuce."

TALATA MAFARA

Sha ɗaya rana ta buɗe, dole na raɓa gidan Gwaggo Hajo. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Mi ka ɗauko haka kamar jinjiri?"

"Dabbar teku ce, Gwaggo. Rai gare ta."

Na ajiye bokiti a inuwar rumfa, na fita gaida mijinta wurin da yake fawa. Minti ashirin ban yi ba. Ina dawowa na tarar da murfi a ƙasa, Gwaggo da moɗa a hannu.

"Gwaggo! Mi kinka zuba?"

"Ruwan randa, moɗa ukku. Kai kac ce rai gare ta. Baƙo shi shigo gidana da rana tsaka in hana mai ruwa? Na ɗanɗana wanga naka, ko akuya ba ta shan shi."

Na jefa ma'auni, ya nutse ƙasa da layinsa, alamar gishiri ya ragu. Faɗa ba ya yiwuwa, gwaggo ce, kuma karamci ta yi. Na zauna ina ɗebe kofi guda, ina mayar da na jarka kofi guda, sannu-sannu har awa ɗaya da rabi. Gwaggo ta ɗauko mafici ta duƙufa tana yi wa bokiti fifita, tana ba shi haƙuri.

BAKURA

Bayan la'asar na iso, na sa shi cikin akwati. Baffa ya jawo buzu ya zauna, ya ƙura ido.

"Wanga ƙashi ne kat tai Maradun ɗaukowa?"

Kunya ta kama ni. Rana ta kusa faɗuwa sai zare ɗaya ya leƙo, wani ya biyo shi, can sai ga su duka suna kaɗawa. Baffa ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa ya goge idonsa.

"Ashe motsi shikai," in ji shi a hankali. "Gobe karatu nan ɗakinka za a yi shi."

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, ni da baƙona. Na gode wa injiniya, na kuma gode wa Gwaggo, wadda har yau in mun haɗu sai ta tambaye ni ko ina dai ba shi ruwa.