Tulunan Inna Luba

Inna Luba maginiyar tukwane ce a wani ƙauye kusa da Dawakin Tofa. Shekarar da fari ya ƙone gero da dawa tun ba su fid da kai ba, ta haura saba'in, hannunta ya fara rawa. In ta gina tulu sai ya fito a karkace, a kai kasuwa a dawo da shi. Ɗanta Sama'ilu ya ce, "Inna, ki huta haka nan. Ga tabarma, ga carbi."

Ta karɓi carbin, amma zama ya gagare ta. Dama ita mace ce mai tambaya, ko baƙo ne ya sauka sai ta ji ƙasar garinsu ja ce ko baƙa.

Wata safiya ta je ɗiban ruwa a randa, sai ta ga kubewa ta tsiro a gindinta, koriya shar, alhali tsakar gidan ta bushe ƙamas. Ta durƙusa ta tona da yatsa, ta ji danshi. Ashe gumin randar ne yake shayar da ita.

Ta kwaso tulunan da kasuwa ta ƙi, ta binne su har wuya a bayan ɗaki, ta zuba musu ruwa, ta shuka kubewa da yakuwa a kewaye. Duk suka mutu, don tulunan sun gasu da yawa, ba sa gumi.  Bayan kwana biyu ta kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi, ta gina wasu, ta rage musu wuta.

"Inna, ruwan da muke bin layinsa a rijiya za ki ba ƙasa?" in ji Sama'ilu.

"Na wanke-wanke da kuke watsarwa nake roƙo. So nake na ga abin da zai faru."

Wannan karon shukar ta kama. Ba ta kori yunwa ba, amma har ƙarshen bazara gida huɗu suna kaɗa miya daga bayan ɗakinta.

Ta yi shekara tara a duniya bayan nan. A ta ƙarshe aka kafa injin niƙa a ƙauyen. Ta dogara sanda ta je, ta zauna a kan dutse har Basiru mai injin ya sallami jama'a, sannan ta ce, "Ɗan nan, buɗe mini cikinsa na ga haƙoran."

Basiru ya yi dariya, ya ɗauko sifana.