Haƙoran Babur ɗin Mordekai

Ranar da na fita takaba na koma sayar da kunun zaki a Sabon Gari, sai na tarar wata ta gaje wurina. Mordekai bakanike ya janye durom ɗin baƙin mai daga gefen rumfarsa, ya share, ya ce in zauna nan akwai inuwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Mutumin Wusasa ne, ba ya da yawan magana. Yana da wani ɗan ƙaramin babur da ya harhaɗa da hannunsa. A bakinsa na san sifoket, faifan ƙarfen nan mai haƙora da sarƙa ke hawa. Ya ce idan na baya ƙarami ne babur ya yi gudu, idan babba ne ya ja kaya amma ya yi nawa. Da ƙuruciya ƙarami yake sa wa, har ɗaliban Samaru na kawo masa nasu.

Sai matarsa Rhoda ta samu shanyewar ɓarin jiki. Sau biyu a mako ake mata gashi a asibiti, can gaba da Samaru, kuma keke napep ba ya shiga lungunsu. Ranar farko da ya goya ta, babur ɗin ya fizga wajen tashi, ta zame ta bugu. Ta ce ba ta ƙara hawa. Likita kuwa ya ce in ta daina zuwa, ƙafar ta tafi ke nan.

Kwana huɗu yana kwance sifoket yana ɗaura wani, don babur ya riƙa tashi a hankali. Ina ganinsa yana bin haƙora da alli yana ƙirgawa, talatin da shida, arba'in da ɗaya, arba'in da biyar. Sarƙa ta gaza, ya ƙara mata. Ya ɗaura buhun masara ya gwada, ya dawo yana girgiza kai, wai buhu ba ya jin tsoro. Makwabtansa na tsokanarsa, "Baba Mode, ko jaki za mu sayo maka?" Ya ci gaba da aikinsa. Idonsa duk ya faɗa.

Ran na biyar, bayan na idar da la'asar, ya zo ya tsaya, hula a hannu.

"Yaya Hafsatu, ki yi haƙuri. Jikinku ɗaya da Rhoda. Ki hau mu je bakin titi mu dawo, ki saki hannun hagu kamar ba naki ba. In kin ji tsoro ko kaɗan, don Allah kada ki ɓoye mini."