Ƙarfen Hamani da yatsana

Jiya a unguwar Yantala na tarar da Hamani, tsohon abokin kiɗana, yana rantse wa mutane wai gitar mai ƙarfen dannawa ta fi yatsa. Har yau bai tuba ba!

A shekarun fari, zamanin soja, ƙungiyarmu ta unguwar Boukoki ta shiga gasar kiɗan matasa. Buhun hatsi ne ladan wanda ya ci. Duk karatun da na yi a lakwal, ga ni ina kokawar buhu, don gidanmu babu ko tiya.

Tsirkiya ta yi wuya a Yamai, wayar birkin keke muke ɗaurawa. Ni da yatsa nake tura tsirkiya guda ta yi kuka. Shi kuwa tasa gitar daga Kwatano ta zo, da ɗan ƙarfe a gindi, in ya danna duka shidan su sunkuya.

Na ce, "Hamani, wayar keke ba ta san wannan ƙarfe ba. Rabu da shi."

Don na yi lakwal, Mushe yake kirana, wato malam. Ya ce, "Mushe, kai mutum ɗaya kake sa kuka. Ni aikin soja nake yi, duka gari lokaci guda!"

Ranar gasar, a gaban kumandan sojan da ke alƙalanci ya danna. Suka sunkuya kuwa, amma da ya saki, kowace ta kama gabanta, ɗaya ma ta tsinke. 'Yan ƙungiyar unguwar Lamordé suka tafi da buhun.

Da na tuna masa, cewa ya yi laifin keken ne.

Haka muka tsufa a ƙasar nan, mai dannawa bai taɓa yin laifi ba. Ku makaɗan yanzu, ƙarfe ko yatsa?