Sunan Da Iya Ta Rufe A Gora

Iya Tabawa, kakata ta wajen uba, ba ta da abin da take ji da shi kamar kaskon wutarta. In sanyi ya shigo, da an sauke tuwo za ta kwashe garwashin murhu ta zuba a ciki, ta ja shi ƙofar ɗakinta a gidanmu na unguwar Sheshe a Kano, ta miƙe ƙafafu. Mu jikoki sai mu zagaye ta kamar 'yan tsaki, kowa na ture ɗan'uwansa don ya samu wajen ɗumi. Ni ne babba, saboda haka ni ne mijinta na wasa. Kullum sai ta ce ba ta taɓa ganin ango marowaci irina ba, ko goro ban taɓa kawo mata ba, sai dai in zo in cinye mata gyaɗa.

Kowa a gidan yana da sunan tsokana a bakinta, ban da mutum ɗaya: Babanmu, Malam Isiyaku. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma ta riƙe kunyar ɗan fari riƙon da ko tsofaffin unguwa suna cewa ya yi yawa. Tun daga yaye aka ba kawunsa shi. Da ya girma ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa, ba ta canza ba. In tana nemansa sai ta ce a kira mata wancan. In ya durƙusa gaishe ta da safe, bango take kallo tana amsawa. Baba ya san al'ada ce, amma abin yana cin sa. Na taɓa jin yana gaya wa Umma cewa ƙannensa suna da uwa, shi kuwa wadda ta haife shi kawai yake da ita.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta gyara murya sau biyu, ta ce, “Na ɗauko kaya daga nesa, wa zai sauke ni?” Mu kuma mu haɗa baki mu ce mu ne.

Akwai guda ɗaya da take maimaitawa duk shekara. Wai wata mata ce take da wani suna a bakinta wanda aka hana ta faɗa. Sunan yana ƙona mata harshe, ba ta iya cin abinci, ba ta iya barci. Sai ta samo gora, duk yamma ta sa baki a ciki ta faɗi sunan sau ɗaya, ta toshe da totuwa, ta rataye a kan rufin ɗaki. Shekara da shekaru tana yi, har goran ya yi nauyi. Ran nan kura ta shigo sata, ta ɗaga ta ji nauyi, ta ɗauka zuma ce. Ta kai kasuwa ta cire totuwar a tsakiyar jama'a, sai sunan ya yi ta fitowa, yana fitowa, har kasuwa ta tsaya cik. Matar kuwa da labari ya iske ta, kunya ta sa ta shige tulu, har yau ba ta fito ba.

Mu dai abin da ya dame mu shi ne sunan. Mu yi ta jan zanenta muna tambaya, ita kuma tana tona garwashi da tsinke. Ranar da na matsa mata, sai ta ce, “Kai dai mijin nan akwai baki. Je ka tambayi kura, ita ta ji.” Daga nan muka yanke cewa darasin tatsuniyar shi ne kada a ɗauki kayan mutane, muka tafi muka kwanta.

Iya ta rasu ina sakandare. Baba yana zaune a gefenta har ƙarshe, kuma ko a ranar ba ta juyo ta dube shi ba.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ina koyarwa a wata firamare kusa da Ƙofar Na'isa. Gari ya saki jiki, kowa yana fito da abin da ya daɗe da ɓoyewa. Wasu masu son tarihi suka gyara wani tsohon gida a cikin birni, suka tara kayan kiɗa da waƙoƙin ƙasar nan, daga na Kudu masu jita da ƙaho har zuwa namu na kalangu da kukuma. Ba irin wurin da ake cewa kada ka taɓa ba ne. Akwai ganguna da aka bari kowa ya buga, ga garmaho da ake wana wa da hannu, ga kuma wasu akwatuna jere da bango, kowanne da abin sawa a kunne da madannai. Hedimasta ya ɗora mini aikin kai 'yan aji shida wurin. Na tafi ina ƙunƙuni, don ni a lokacin ina ganin kiɗa aikin marasa aikin yi ne.

Yara suka afka wa ganguna har kaina ya fara sarawa. Don in tsira da kunnuwana na je akwatin ƙarshe, wanda ba kowa a wajen, na sa abin a kunne. A jikin takardar an rubuta cewa mata ne masu kiɗan ƙwarya a gidan biki, an ɗauka a Kano kafin samun 'yancin kai, ba a san sunayensu ba. Na danna.

Da farko ƙarar tsohon faifai ce da ƙwarya da guɗa. Sai wata mata ta ce, “Tabawa, karɓi.” Sai na ji an gyara murya sau biyu.

Muryar yarinya ce, siririya, mai ƙarfi, amma ko cikin mata dubu na san ta. Iya ce. Iyar da ban taɓa jin ko 'yar waƙar daka a bakinta ba, wadda in maroƙa sun zo ƙofar gida take shigewa ɗaki. Ban gama farfaɗowa daga wannan ba, sai na ji abin da take cewa: “Isiyakuna, ka ci ka ƙoshi? Wa ya rufa ka da sanyin asuba?” Ta faɗi sunan, mata suka amsa, ta sake faɗa. Na ƙirga har sau tara, daga nan na zauna a ƙasa da rigar aikina. Ma'aikacin wurin ya zo yana tambaya ko hawan jini gare ni.

Kwana uku ina juya maganar. Baba mutum ne mai tsare mutunci, kullum yana sahun farko a masallacin unguwa. In ce masa mahaifiyarsa ta yi waƙa a gidajen biki, kuma ga muryarta can kowane ɗan makaranta yana dannawa? Ina tsoron ya ji kamar an tsiraita shi a kasuwa. Amma kuma na san abin da ya shekara sittin yana jira. A rana ta huɗu na ce masa ya raka ni wani wuri, ban faɗi ko ina ba.

Da ya ga ganguna ya ja ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce ashe hankalina bai gama zuwa ba. Da ƙyar na lallaɓa shi zuwa akwatin. Ga shi an ɗauke wuta, sai da muka jira aka tada janareta, yana tsaye yana jan carbi yana hararata. Ya cire hula, na sa masa abin a kunne, na danna, na koma gefe.

Na ga lokacin da ya gane muryar, don carbin ya tsaya. Fuskarsa ta ɗaure, na ce a raina shi ke nan, na yi ɓarna. Can sai bakinsa ya buɗe. Ya dafa akwatin da hannu biyu, ya sunkuyar da kai yadda yake yi in ya je gaishe ta, ya ce da ƙarfi, irin na wanda aka toshe wa kunne bai san ana jin sa ba:

“Na'am, Iya.”

Duk wanda ke ɗakin ya juyo. Shi bai ma san ana yi ba. Duk lokacin da ta kira, sai ya amsa, hawaye na bin gemunsa. Da waƙar ta ƙare ya ce in sake dannawa. Kafin mu fita ya kira ma'aikacin, ya ce a gyara takardar nan, matar tana da suna, kuma shi ɗanta ne.

Muka kama hanyar gida. Ni dai ina ta mamakin yadda muka yi shekaru muna zagaye da tsohuwar nan, tana gaya mana ciwonta ƙiri-ƙiri, mu kuwa muna cin gyaɗa muna yi wa kura dariya. Ban ga laifinta ba, haka ta taras ana yi, kuma kunyar ma wata irin ƙauna ce. Amma na ga abin da ta jawo wa mutum biyu da suka kwana gida ɗaya shekara ashirin. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ni ma da nake tausayin Baba ina da 'yar fari, Hauwa, tana da shekara goma sha ɗaya, kuma ban taɓa kiran ta da komai ba sai ke.

Da na shiga gida na tsaya a tsakar gida. Sai da na yi yunƙuri biyu kafin muryata ta fito. Na kira sunanta.

Ta fito daga kicin da gudu, ludayi a hannu, ta dube ni, ta dubi mahaifiyarta, ta ce, “Baba, wa ya rasu?”