Ranar da Na Kai Sojojin Amurka Gonar Doya

Ina aikin safiyo, wato awon filaye, a Jalingo aka kawo mana 'yar na'urar nan mai auna fili da tauraron ɗan'adam. Ni kuwa dama ina da wata cuta. Tun ina saurayi a Majidaɗi nake bin labarin sojojin Amurka da sararin samaniya, a rediyo da tsofaffin mujallu. A ofis, da na taɓo maganar sai kowa ya tuna yana da aiki.

Wata rana aka tura ni hanyar Lau, inda wasu dattawa biyu, Mumuye, 'yan coci ɗaya, suke rigima kan iyakar gonar doya. Na fito da na'ura. Babban cikinsu ya ce, "Oga, wannan abu yaya ta san iyaka?"

Da na ce masa tana aiki ne kawai, da an wuce wurin. Ina, na samu masu sauraro. Na gyara tsayuwa na soma daga farko: yadda da can taurarin sojojin Amurka ba abin da suke yi sai leƙen asirin Rasha, yadda daga baya aka yi mafarkin kakkaɓo makamai tun daga sama, sannan suka koma nuna wa bama-bamai hanya, har yanzu da aka ware wa sama rundunarta, ana watsa ƙananan taurari barkatai don kada abokin gaba ya makantar da su gaba ɗaya. Na ƙare da alfahari: "Baba, wannan da ke hannuna, da taurarinsu take magana."

Ƙaramin ya ce, "Wato wanda yake nuna wa bom hanya, shi za ka gaya wa inda doyana yake?"

Na ce sauraro kawai take yi, ba ta aika komai. Babban ya ce ai yanzu na ce magana take yi.

Suka koma gefe, suka yi ƙus-ƙus da yarensu, mutanen da aka ce sun shekara ba sa gaisawa. Babban ya dawo ya nuna wata ɗorawa. "Iyaka daga can ne, mun tuna. Ka mayar da abinka jaka."

Suka raka ni har bakin titi, don su tabbatar ban kunna ba. A rahotona na rubuta cewa an sasanta bayan doguwar wayar da kai. Shugabanmu ya yaba mini a gaban kowa, ni kuma ban gyara masa ba.