Rubutun Bakin Rijiya

Ranar wata Laraba ce, a bazarar da aka yi mini kaciya, maginan En'e suka gama ɗaure sabuwar rijiya a ƙauyenmu, gabas da Wurno. Tun siminti bai bushe ba, babbansu ya ɗauki ƙusa ya zana haruffa huɗu da wata lamba a bakinta, daidai inda guga ke tsiyaya. Muka bar langa muka kewaye shi muna kallo.

Baba ya daɗe yana duban zanen. A wurinmu rubutu abin sha ne: malam ya rubuta a allo, a wanke, mutum ya sha, abin ya bi jikinsa. "Wanga rubutun sha na," in ji shi. "Wanda duk ya sha shi, mi Nasara za su ce mai ya ƙiya?" Ya hana gidanmu ɗiba. Inna ta ci gaba da zuwa gulbi da tulu sau uku a yini, ga ta ɗauke da tsohon cikin ƙanwata, ga rijiya taku arba'in daga ƙofarmu. Ran da ta faɗi a hanya tulun ya fashe, na kwaɓa laka da kashin shanu na shafe rubutun, na kira Baba ya gani. Ya taɓa, ya yarda a ɗiba, ya ce, "Kullum ka sabunta shi." Ya zama aikina kowace safiya kafin in kora awaki. Amma damina takan wanke lakar, kuma mun sha.

Bana, a ajin yaƙi da jahilci, na kwafo haruffan na kai wa malaminmu: WELL. Ya yi dariya, ya ce da Turanci rijiya ke nan, asalin kalmar daga ɓuɓɓugar ruwa ne. Akwai kuma wata mai kama da ita da ke nufin lafiya lau, amma tushensu daban. Na ce, "Malam, wa ka ganin rijiya bai gane ta ba sai an rubuta mai?" Ya ce tsarin ofis ne kawai.

Yanzu yara kan zauna a kan rubutun suna cin gyaɗa, ba mai kulawa. Baba da Inna sun rasu. Ni kuwa da na sha ruwan tun ina ƙarami, ga ni da furfura ina bin haruffan Nasara da fensir, ba wanda ya tilasta ni. Ban ce Baba ya yi gaskiya ba, amma na daina yi masa dariya.