Mutum Na Huɗu

A shekarata ta farko a jami'a, sashen nazarin laifuka, bakina ya fi ilimina girma nesa ba kusa ba. Duk ranar da na je gida Danwarai sai na cika wa mutane kunne cewa mu karatun kama ɓarayi muke yi. Babana ya ji, ya riƙe. Yana da dalili. A bara waccan an buɗe masa rudu, rumfar karan da muke adana albasa, an kwashe buhu uku. Ba albasar ce ta ƙona masa rai ba. Wanda ya yi aikin ya san ɗaurin da ake kwancewa, ke nan ba baƙo ba ne.

Malamarmu ta dabarun bincike, wata gajeriyar mace mai kaifin murya, ta ba mu aikin farko: kowa ya tattauna da mutum biyar a kan laifin da ba a kai wa hukuma. Ta buga tebur ta ce, "Ba suna, ba unguwa, ba kamanni. Lamba za ku sa. Wanda ya tona asirin mutumin da ya yarda da shi, ya bar mini aji ya nemi wata sana'a." Na rubuta, amma a raina na ce wannan ai surutun littafi ne.

Babana da kansa ya zaɓa mini mutanen, manoman albasa biyar, duk abokan sahunsa a masallaci. Ni wawa har da godiya, na ɗauka taimako ne.

Ranar Asabar da hantsi na bi su gida-gida, littafi a hammata, ina tafiya kamar wani babban ma'aikaci. Kowanne sai na fara karanta masa alkawarin nan da muka haddace, cewa abin da ya faɗa ba mai ji. Uku na farko suka cika ni da ƙarar awakin maƙwabta. Na huɗu ma haka ya fara, har na iso tambayar ƙarshe, wadda nake jin kunyar yi wa dattijo: shi fa, ya taɓa ɗaukar abin da ba nasa ba?

Ya dubi ƙofar zaure, ya dube ni.

"Wancan da kac ce, ba mai ji, da gaske kake ko karatu na?"

"Da gaske nake, Baffa."

"To rubuta. Ni na buɗe rudun tsohonka."

Ya faɗi dalilinsa. Ba zan kawo shi nan ba, don duk wanda ya ji dalilin ya san mutumin. Na rubuta. Na je wurin na biyar, wallahi ko kalma ɗaya ban fahimta ba cikin abin da ya ce.

Bayan azahar na tarar da Babana a zaurenmu yana jira. Ya dubi fuskata sau ɗaya ya miƙo hannu.

"Kawo littahin."

"Baba, babu suna a ciki. Lamba ce kawai."

Ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. "Sunan mi? Garin ga duka sun ga gidan da kaf fara da wanda kaƙ ƙare. Ƙanwarka ta iya boko. Ta karanta min lamba, ni in ƙirga gidaje."

Innalillahi! Sai a lokacin na ga ɓarnar da na yi. Na jera lambobin daidai yadda na shiga gidajen, rana tsaka, a garin da ko takalmi ka sauya sai an sani.

Tun da aka haife ni ban taɓa ce masa a'a ba. Ran nan na ce.

"Ni na haihe ka ko shi?"

"Kai ne, Baba. Amma na ce masa ba mai ji, kuma kai ma kana cikin masu ji."

Ya miƙe. Ban jira ba, na faɗa cikin gida inda Inna ke dafa wake, na cusa littafin a murhu, na danne shi da itace. Inna tana salati, hayaƙi na cika mini ido, ban ɗaga hannu ba sai da bangon ya lanƙwashe. Babana yana tsaye a bayana. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ashe yana cikinsu."

Ranar Litinin na je wa malama hannu wofi. Na gaya mata yadda lambobin suka kusa kashe ni, ban gaya mata abin da na ji ba. Ta ce ba aiki, ba maki. Tana rufe takardunta ta ƙara, "Baɗi ka hautsina lambobin." Na maimaita darasin, na zauna da ƙannen ajina suna yi mini dariya.

Wata biyu Babana bai amsa gaisuwata ba. Yayyena suka sa mini suna mai goyon ɓarawo, har yau in rai ya ɓaci suna tuno shi. Su yi ta faɗa. Babban cikinsu ya taɓa tare ni a tashar Jega, ya ce in raɗa masa, iyakarta mu biyu. Na ce ya gaida gida.

Abin da ya yi mini ciwo, kuma yana yi har yanzu, Babana ya ci gaba da sallah tsakanin mutum biyar yana zargin kowannensu. Huɗu ba su ci ba, ba su sha ba, kuma ni na jawo musu. Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma bakin da ya ce ba mai ji, nawa ne, ba na malama ba.

Da Allah ya yi wa Babana rasuwa, dukkansu biyar sun zo, sun karɓi makara a kafaɗa ɗaya bayan ɗaya. Ina biye da su a baya, na san wanne ne, yayyena suna kallon idona su ga inda zai tsaya. Na dubi ƙasa har maƙabarta.

Na san akwai wanda zai karanta wannan a Danwarai ya fara ƙirga gidaje da yatsa. Ya huta. Na maimaita darasin, kuma na ci: a wannan labarin ma na hautsina lambobin. Ba na huɗu ba ne.